Windows 10 ta daina samun kariya: Abin da mai kwamfuta a Gagarawa zai duba kafin ya kashe kuɗinsa

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, shekara 10 bayan fitowarta. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da kunnuwa, za ta buɗe Word, za ta hau intanet. Abin da ya canza shi ne, duk wata sabuwar ɓaraka da masu kutse suka gano a cikinta, babu mai toshe ta.

A Gagarawa Tasha da sauran garuruwan masarautar Gumel, irin su Maigatari da Sule Tankarkar, kwamfuta ɗaya a gida takan yi wa mutane da dama aiki. Da ita ƙane yake koyon amsa tambayoyin JAMB, jarrabawar da tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Da ita yayarsa take buga aikin makaranta idan tana Kwalejin Ilimi ta Gumel, kuma a cikinta mai gida yake ajiye lissafin cinikin riɗi. Yawancin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, daga Kano aka sayo su. Tambayar da ke gaban masu su yanzu ita ce: a gyara wadda ake da ita, a sauya mata babbar manhaja, ko a nemi wata?

Me ya sa abin ya zama na damuwa?

Mai amfani da wayar Android ya san yadda WhatsApp kan daina aiki a kan tsofaffin wayoyi. Haka lamarin yake a kwamfuta. An daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, bayan shekara uku kuma Google Chrome ya daina fitar mata da sabon zubi. Windows 10 ma hanyar da za ta bi ke nan sannu a hankali.

Haɗarin ya fi girma ta fuskar tsaro. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin gwamnati a Birtaniya, tana neman a biya kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sa shi ba ne suka faɗa tarkon. Kwamfutar da ake shiga asusun banki ko imel da ita, alhali ba ta samun irin wannan magani, ƙofarta a buɗe take.

A fara da lambar masarrafa

Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, kyauta ce ga mai Windows 10 ta halal, amma tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar RAM aƙalla 4GB, ma'adana 64GB, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutocin hannu shi ne na masarrafa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar: ta Intel sai ta kasance zubi na 8 zuwa sama, ta AMD kuma Ryzen 2000 zuwa sama.

Gane zubin ba shi da wuya. A shiga Settings, a zaɓi System, sannan About. Idan aka ga Core i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na 6, kuma bai kai ba. Core i5-8250U zubi na 8 ne, ya kai. Irin su i5-1135G7 kuwa lambobi biyu na farko ake karantawa, zubi na 11 ke nan. Microsoft na da ƙaramar manhaja ta kyauta, PC Health Check, wadda ke faɗin ko kwamfuta ta cancanta, da abin da ya hana ta idan ba ta cancanta ba. Wani lokaci TPM yana nan, a kashe yake kawai a cikin BIOS, mai gyara zai kunna shi cikin 'yan mintuna.

A nan ne da yawa suke ruɗuwa da tambarin i7. Core i7-4600U ta 2013 tana da zuciya biyu, Core i5-8250U ta 2017 kuwa huɗu gare ta, ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. A laftop, masarrafa yawanci liƙe take da allon kwamfutar, ba a sauya ta. Saboda haka wannan lamba ce ke nuna hanyar da za a bi.

Gyaran gangar jiki: SSD tukuna, sai RAM

Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu ko uku kafin ta gama kunnuwa, galibi laifin tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. Irin wannan faifai a laftop yakan karanta kimanin 100MB a daƙiƙa. SSD nau'in SATA, wadda ke shiga gurbi ɗaya da shi, takan kai 500MB. Ba ta da abin da ke motsi a ciki, irin ma'adanar waya ce, don haka ta fi jure jijjigar babur kuma ta fi rage shan batir. SSD mai 256GB ta ishi ɗalibi. Tsohon faifan kuma ba a zubar da shi: a saya masa ɗan gida mai USB, ya koma wurin ajiyar hotuna da bidiyo.

Na biyu shi ne RAM. Windows 11 za ta tashi da 4GB, amma da zarar an buɗe shafuka biyar ko shida a Chrome za ta fara ɗingishi. 8GB ne ke ba da natsuwa. Kafin a saya, a tabbatar da nau'in, domin DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, kuma laftop masu zubi na 4 da na 5 yawanci DDR3L mai ƙarancin wuta suke so. Wasu siraran laftop ɗin ma RAM ɗinsu a liƙe yake. Shi ya sa ya fi dacewa a tafi da kwamfutar kanta zuwa Farm Centre ko titin Beirut a Kano, a sa a gaban mai ita, a kunna a gani.

Na uku ba ya cin kuɗi sosai. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin watan Afrilu kuma a arewacin Jigawa yakan haura digiri 40. Masarrafar da ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Share fanka da sabunta man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyayawa kan dawo da saurin da aka zaci ya tafi har abada.

Idan kwamfutar ba ta kai ba fa?

Hanya ta farko ita ce shirin ƙarin wa'adi na Microsoft mai suna ESU, wanda aka tsara ya ci gaba da kare Windows 10 zubin 22H2 har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Kuɗinsa dala 30 ne, amma ana iya shiga kyauta ta hanyar haɗa saitin kwamfutar da asusun Microsoft. Jinkiri ne kawai, don a samu lokacin tara kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce Linux Mint, babbar manhaja ta kyauta da ke aiki lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci. Zubinta na 22 zai samu kariya har 2029, kuma tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel. Ga ɗalibi mai karatu da bincike, ta wadatar. Ga mai shagon buga katin biki da CorelDRAW, ba za ta yi ba, domin manhajar ba ta da zubin Linux.

Hanya ta uku ita ce tilasta wa kwamfutar karɓar Windows 11 ta amfani da manhajar Rufus, wadda ke tsallake binciken sharuɗɗan. Takan yi aiki, sai dai Microsoft ya bayyana cewa bai yi wa irin wannan kwamfuta alƙawarin sabuntawa ba.

Ranar aikin: ajiya, data da wuta

Kafin a taɓa komai, a kwashe takardu da hotuna zuwa filashi ko wani faifai, a buɗe su a tabbatar sun kwafu. Sabon girki yana goge duk abin da ke kan faifan.

Windows 11 ta haura 5GB, ana kuma buƙatar filashi mai aƙalla 8GB wanda babu komai a kansa. A sauke ta daga shafin Microsoft kawai, da datar dare ko a inda sabis ya fi ƙarfi. Kofen da aka fasa, da manhajojin da ke cewa za su halatta Windows kyauta, sanannun hanyoyi ne na shigar da ƙwayar cuta. Bayan an gama, mai amfani da hotspot na waya ya kunna Metered connection, in ba haka ba kwamfutar za ta lashe datar wata guda a dare ɗaya.

Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a irin wannan aiki. Laftop ta kasance cike da caji kuma a jone, ta tebur kuwa a haɗa ta da sola, inbata ko UPS. Ɗaukewar wuta a tsakiyar girka Windows maimaita aiki ne kawai, amma a tsakiyar sabunta BIOS tana iya kashe kwamfutar gaba ɗaya.

Ga mai shirin sayen ta hannu

Kamfanoni a Turai da Amurka suna sallamar kwamfutocin da ba su cika sharaɗin Windows 11 ba, kuma irin waɗannan kaya ne ke ƙarewa a kasuwannin kayan hannu. Ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ce, tunda ana iya tilasta mata. HP EliteBook 840 G3 zubi na 6 ce, ba ta kai ba. 840 G5 mai zubi na 8 ta kai, haka Dell Latitude 7490 da Lenovo ThinkPad T480 masu ɗauke da zubi na 8.

Wanda kwamfutarsa ta kai zubi na 8, ya sa SSD, ya cika RAM zuwa 8GB, ya hau Windows 11. Wanda tasa ba ta kai ba, ya sa SSD ya gwada Linux Mint, kada ya narka kuɗi mai yawa a kanta. Wanda kuma zai saya, ya nemi mai kaya ya buɗe masa shafin About ya karanta lambar da idonsa, sannan a yi ciniki.