Tace Ƙarfe da Zoben Wuta

Kowane ƙarfe da aka haƙo daga ƙasa da dauɗarsa yake zuwa. Maƙera sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa in sun narkar da tama sukan ware kashinta su zubar. Wannan ya isa in fartanya za a ƙera. Amma akwai aikin da ko ɗan algus kaɗan sai ya ɓata shi.

A shekarar 1947 waɗansu masana a Amurka suka ƙago taransista, watau wani ɗan mitsitsin abu mai ƙara ƙarfin sauti cikin rediyo. Da wani ma'adini mai kama da ƙarfe aka fara yin sa, sunansa jamaniyam. Taransista kuwa ba ta aiki sosai sai jamaniyam ɗin ya tsarkaka ƙwarai. Wani ma'aikacin Bell, William Pfann, shi ya gano dabara, ya bayyana ta a 1952.

Ga asirin abin. In ruwan gishiri ya daskare sannu a hankali, ƙanƙarar ba ta ɗaukar gishiri sosai, yawancinsa yakan saura cikin ruwan. Haka narkakken ƙarfe yake, dauɗarsa ta fi son zama inda ya narke.

To, sai a kwantar da sandar jamaniyam cikin ɗan kwami, a zura su cikin bututu, a kewaye bututun da zoben wutar lantarki. Zafin yakan haura digiri 938, daidai wurin zoben kaɗai ya narke. Sa'an nan a riƙa jan zoben sannu sannu, daga wannan kai zuwa wancan. Gabansa na narkewa, bayansa na daskarewa, dauɗa kuwa tana biye da narkakken wurin, kamar shara gaban tsintsiya. Gaggawa ita ke ɓata aikin, don in aka yi sauri dauɗar takan maƙale a baya.

Shara ɗaya ba ta isa ba, sai an maimaita sau da yawa. Daga nan a yanke kan da dauɗa ta taru. Abin da ya saura, dauɗarsa ba ta fi kashi 1 cikin 10,000,000,000 ba. Ku kwatanta da 'yar tsakuwa guda cikin buhun gero wajen 1,000.