Kare da dare: a kulle shi ne ko a sake shi?

Ɗan'uwa manomi, wannan tambayar ba ni na ƙirƙiro ta ba. A wani zama da muka yi da 'yan ƙungiya a nan Roni bayan an kai gero rumbu, wani dattijo ya kawo kukan karen maƙwabcinsa da ya cinye masa kaji uku. Mai karen ya ce shi fa ba zai ɗaure ba, don tun da aka taɓa kwance masa rago a turke ya gane karen da ke ɗaure ba ya korar ɓarawo. Ana cikin haka wani matashi ya zaro waya, ya nuna mana yadda mutanen Amurka ke rufe karnukansu a keji da dare, ya ce mu ma mu yi haka mu huta.

Bari in fara da kejin, don shi ne mai sauƙin amsa. Can kare a ɗaki yake kwana tare da mutane, kejin kuwa don kada ya yi kashi a tsakar ɗaki ne ko ya yage kujera. Ko a can ma ba kowa ya yarda da shi ba. Ƙasar Suwidin doka ta hana ajiye kare a rufaffen keji, sai don tafiya da makamantanta. Mu kuma karenmu ma'aikaci ne: gadi, kiwo, farauta, kuma malamai sun bayyana cewa don irin waɗannan bukatu ne aka yarda a riƙe shi. Ka rufe shi a akwati da dare, ka biya mai gadi ke nan ka kulle shi a ɗaki. Ga zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin nan ke haura digiri 40, kejin ƙarfe ko tsohon duro mai rufin kwano na iya kashe kare in aka manta da shi har hantsi.

To, a sake shi ya shiga gari ke nan? A'a. A nan ne nake rabuwa da mai ragon, kuma kaji su ne ƙaramar asarar.

Babbar ita ce cutar haukan kare. Karen da ke yawon dare yana haɗuwa da karnukan da ba ka san mai su ba, su yi faɗa a kan karya ko mushe, ya dawo da asuba da ɗan rauni a kunne wanda ba za ka ma lura ba. Cutar a miyau take, ta cizo take shiga, kuma takan yi makonni ko watanni a jikinsa ba alama. Ranar da ta fito, wa zai fara ciza? Yaron gidan da ya saba wasa da shi, ko akuyar da ke turke, don awaki da shanu ma suna kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Akwai ta biyu da ba a cika danganta ta da kare ba. Ka taɓa ganin tunkiya ta karkace kai tana ta zagaye wuri ɗaya, ta daina bin garke, har a yanka ta? Sau da yawa in aka fasa kan, za a tarar da ƙullutu mai ruwa a ƙwaƙwalwa. Ƙwan wata irin tsila da ke zaune a hanjin kare ne ke haddasa shi. Kare ya ci ɗanyen kan dabba mai ciwon a bola ko bayan kwata, tsilar ta girma a cikinsa, ya yi kashi a kan ciyawa ko kusa da harawarka, tunkiya ta ci. Haka abin ke juyawa. Karen da ba ya yawo, wanda kuma ba a jefa masa ɗanyen kai da kayan ciki, ya yanke wannan hanyar. Maganin tsila mai suna praziquantel duk wata 3 yana ƙarasa aikin. Malamin dabbobi zai auna maka daidai nauyin karen.

Shawarata ita ce a tsare shi a cikin gida, amma a sake. In kana da katanga ko darni mai ƙarfi, rufe ƙofa bayan isha, ka toshe rariya da duk kafar da yake bi, ka bar shi ya zaga tsakanin turke da rumbu. Ai amfanin karen gadi haushi ne, ya tashe ka. Ba sai ya bi ɓarawo har daji ba.

Na san gidaje da yawa a ƙauyukanmu, daga Amaryawa zuwa Zugai, dangar kara ce da kare zai ratsa cikin minti ɗaya. Ga dabarar da nake ba su. Kafa turaku biyu masu ƙarfi, tsakaninsu kamar taku 15, ta gefen da dabbobi suke. Ja waya mai kauri tsakaninsu, ka zura zoben ƙarfe, ka ɗaura sarƙar karen a zoben. Yana zirga-zirga daga wannan kai zuwa wancan, amma ba ya fita. Abin wuyan ya zama na fata ko ƙyalle mai faɗi, yadda yatsunka biyu za su shige, kada ka sa igiya mai zarge. Ka tabbata sarƙar ba ta kai shi kan danga ba, kada ya tsallaka ya rataye, kuma ba ta kai akurki ba. A aje masa kasko da ruwa, da ɗan wurin fakewa mai buhu ko ciyawa a ƙasa saboda hunturu. Da safe ka kwance shi ya bi ka gona. Karen da ake ɗaure wa da gajeriyar igiya dare da rana shi ne ke zama mafaɗaci, kuma yara yake fara hucewa a kansu. Sannan a ba shi abinci da yamma. Mai kajin nan da muka bincika, karen maƙwabcin nasa sai abin da ya tsinta yake ci.

Akwai dai lokutan da rufewa sosai ta zama dole. Karya in ta shiga lokacin barbara, mako 2 zuwa 3, a sa ta ɗaki mai iska, in ba haka ba karnukan unguwa duka a ƙofarka za su kwana. Sai kuma karen da ya ciji mutum. In ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, kada a yi saurin kashe shi, kada kuma a kore shi. A rufe shi kwana 10 da abinci da ruwa, a sanar da malamin dabbobi. In ya cika kwana 10 lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a miyau ranar da ya yi cizon. Amma wanda aka ciza ba zai zauna jira ba: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ranar don allura. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaure ganye.

Duk wannan ba ya maye allurar rigakafi. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo yana wata 3, a maimaita duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta. Sai an yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari cutar ke daina yawo, don haka gida ɗaya ba ya isa. Ku ƙidaya karnukan membobinku, ku haɗa kuɗi, ku sa rana ɗaya da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, don allurar na bukatar sanyi, ba ta jure a yi ta yawo da ita gida-gida a rana. In kuna neman ranar da ba za a manta ba, 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma ta zo daf da kaka, kafin karnuka su fara bin yara gona.