Sabon Tayil a Kan Ruɓaɓɓen Bututu

A hunturun da ya wuce na sauka gidan wani ɗan'uwana a Jega. Gidan gado ne, an ja masa famfo tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Bikin ɗansa ya taso, sai ya yi wa gidan kwaskwarima: tayil har bango, fenti, sabon tanki a sama, da hita a banɗaki don kada amarya ta sha sanyin asuba. Mai gyaran famfo ya ce masa, "Alhaji, a cire tsofaffin bututun ƙarfen nan kafin a shimfiɗa tayil." Alhaji ya ce ai ƙarfen da ne, ya fi na yanzu ƙwari. Ko wata biyu ba a rufa ba bango ya fara tsattsafo, fenti ya kumbura, ruwan zafi na fitowa jawur kamar Gulbin Zamfara da damina. Ƙarshenta da guduma aka bi tayil ɗin da ko kuɗinsa ba a gama biya ba.

Bututun ƙarfe daga ciki yake ruɓewa, shi ya sa ido ke yaudarar mai gida. Tsatsa tana taruwa, hanyar ruwa ta tsuke, famfo ya koma ɗiga. Sai a ɗora laifi a kan injin tura ruwa, a sayo wanda ya fi ƙarfi, shi kuwa ya huda duk inda ƙarfen ya yi laushi. Ruwan zafi kuma ƙara wa tsatsa sauri yake yi.

Asarar tayil ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bututun da ya shigo gidan daga waje: kwance yake tsamo-tsamo cikin kwata, an naɗe inda ya fashe da tsohuwar robar tayar babur. Ka zaga lunguna a Jega, Aliero ko Maiyama, za ka ga irinsa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mutane na cewa ai ruwa waje yake fita, ba ciki ba. Haka ne, muddin akwai ruwa a bututun. Da zarar an ɗauke ruwa ko tanki ya ƙare, bututun zuƙa yake yi, ya janyo ruwan kwata ta wannan kafar. In ruwa ya dawo, ƙazantar ce ke fara sauka a randa. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, Kebbi na cikin jihohin da ta shafa, amma har yau magidanci zai tsallake irin wannan ɗaurin roba sau biyar a rana a hanyarsa ta masallaci. Haba jama'a! Wanda ya iya sayen tanki ne zai kasa sayen bututu guda?

In za ka gyara gida, fara da abin da ke binne, ado ya biyo baya. A cire na ƙarfen gaba ɗaya, kada a yi masa faci. Layin ruwan zafi a sa masa bututun PPR, wanda ake haɗawa da wuta. Na PVC na ruwan sanyi ne, kuma in an bar shi a rana bushewa yake ya tsage. Kafin a rufe bango, a cika tanki a saki ruwa ya kwana, a duba kowace mahaɗa. Bututun waje kuwa a ɗauke shi daga kwata, a nisanta shi da masai. In dole sai ya tsallaka kwata, ya bi ta sama cikin wani bututun da ya fi shi faɗi.

Masu gidajen haya na ɗalibai a Aliero, da ku ma nake. Yau in ka fito, bi bututun gidanka da ƙafa tun daga bakin titi har tanki.