3.4 Dalilan da Kan Sa Bahaushe Ya Ƙaunaci Wani Suna

A fasalin da ya gabata an yi bayanin yadda ake raɗa wa jariri sunan yanka ranar da ya cika kwana bakwai da haihuwa. A nan kuwa za a duba abin da kan sa wani suna ya kwanta wa Bahaushe a rai, har ya fifita shi a kan sauran sunaye. Wannan bincike ya kasa dalilan gida huɗu kamar haka:

3.4.1 Addini

Addinin Musulunci shi ne babban ma'aunin da Bahaushe kan auna kyawun suna da shi. Ya zo a hadisi cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so, don haka da wuya a sami zuriyar da babu mai ɗayansu. Sunan Annabi Muhammadu (SAW) kuwa, saboda tsananin son da ake yi masa, magidanci kan maimaita shi ga 'ya'yansa maza, sai a bambanta su da lissafi na Larabci: Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar. Haka kuma ɗariƙa kan yi tasiri, domin gidan Tijjanawa ba ya rasa Tijjani ko Inyasi, kamar yadda gidan Ƙadirawa ba ya rasa Abdulƙadir.

3.4.2 Zumunta da Kunya

Sau da yawa mai sunan ake so, sai son ya shafi sunan. Mutum kan mayar da sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko malaminsa ga ɗansa, wato ya yi masa takwara. To amma a nan akwai abin lura. Sunan da aka fi ƙauna shi ne kuma aka fi ɓoyewa, domin matan gida ba za su iya kiran sunan surukinsu gatsau ba. Saboda haka sai a riƙa ce wa yaron Abba, yarinya kuwa Ummi. Wannan ya nuna cewa a wurin Bahaushe ƙaunar suna da jin nauyinsa tare suke tafiya.

3.4.3 Shahararrun Mutane

Tarihi ma yana da nasa rabo. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya sa har yau duk mai suna Usman ana yi masa laƙabi da Shehu, sunayen Bello da Asma'u kuma suka sami karɓuwa saboda 'ya'yansa. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976, iyaye da dama sun sa wa 'ya'yansu Murtala don juyayi da ƙauna. Irin haka ta faru da sunan Saddam a lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991. Bambancin kawai shi ne, sunan da ya dogara da wani abu da ya auku yakan yi tashe ne ya kwanta, alhali wanda ya dogara da addini yakan dawwama.

3.4.4 Daɗin Furuci

Akwai masu son suna don daɗinsa a kunne kurum, ba tare da sun san ma'anarsa ba. Tun da can Bahaushe kan sarrafa sunan Larabci ya dace da harshensa, ya ce Dije maimakon Hadiza, ko Mairo maimakon Maryamu, ko Iro maimakon Ibrahim. Daga shekarun 1980, littattafan soyayya na Kano, sannan finafinan Hausa da suka biyo baya, sun taimaka wajen jan hankalin matasa ga sunaye irin su Nabila da Amira da Fadila.

3.4.5 Tsokaci

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, za a ga cewa duk sunan da aka ɗaukaka akwai wanda aka ture. Sunayen rana kamar Ɗanladi da Talatu da Asabe, da na yanayin haihuwa kamar Tanko da Kande da Ajuji, su ne abin ya fi shafa, domin matasa da yawa, musamman a birane, suna ɗaukarsu sunayen ƙauye. Alhali kowane ɗaya yana ɗauke da labari. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Ajuji kuwa shaida ce cewa uwar ta sha rasa 'ya'ya. A ra'ayin mai wannan bincike, gushewarsu asara ce ga harshe da al'ada, don haka babi na gaba zai yi nazarin ma'anoninsu ɗaya bayan ɗaya.