Daga Suleja zuwa Sakatariya: Yadda manhajoji ke karɓe aikin maimaita rubutu a ofisoshin gwamnati

Da an idar da sallar Asuba, motocin haya kan fara cika a Kwamba da Maje da Kwankwashe, kuma da yawa daga cikin fasinjojin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne da tsadar gidan haya ta hana su zama a cikin Abuja. Motar za ta bi da su ta Madalla, su wuce Dutsen Zuma, su ratsa Zuba da Dei-Dei da Kubwa, kafin su isa Sakatariyar Tarayya. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, wannan zirga-zirga ta zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke lashe albashinsu.

Abin da ke jiran akasarinsu a kan tebur kuwa, rubutu ne mai kama da na jiya: wasiƙar shaidar karɓar saƙo, takardar gayyatar taro, takardar amincewa da hutu, rahoton wata-wata, da bayanan zaman kwamiti. Hadiman ministoci da na 'yan majalisa su ma suna da nasu, daga saƙon ta'aziyya da na barka da Sallah zuwa jawabin buɗe taro. Suna da kwanan wata da adadi ne kawai ke sauyawa, sauran kalmomin kuwa suna nan yadda aka gaje su. Irin wannan aiki ne manhajojin ofis na zamani ke karɓewa a hankali.

Garin da ya bayar da sunansa

Dangantakar Suleja da aikin gwamnatin tsakiya ta girmi yawancin ma'aikatan da ke kwana a cikinta. Har zuwa 1976 sunan garin Abuja ne, daga sunan Abu Ja, ɗaya daga cikin sarakunan Haɓe na Zazzau da suka yo kudu bayan jihadi, wanda ya kafa shi a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta kafa sabon Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976, sai aka ba sabon birnin sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya a Suleja suka yada zango kafin a sami gine-gine a Abuja, kuma sai ranar 12 ga Disamba, 1991, fadar gwamnati ta taso daga Legas.

A wancan zamani, maimaita rubutu sana'a ce mai zaman kanta. Jami'i ya rubuta da hannu, mai buga tafireta ya buga da takardar kabon a tsakani domin a sami kwafi biyu ko uku, idan kuma ana son ɗaruruwa a kai wa injin gurza takardu. Kuskuren harafi ɗaya na iya sa a sake buga shafi sukutum. Zuwan kwamfuta ya rage wannan wahala, amma bai sauya tsarin ba. Har yanzu ma'aikaci kan buɗe wasiƙar makon jiya, ya goge suna, ya sa wani, ya buga, masinja ya ɗauki fayil zuwa ofishi na gaba.

Inda gwamnati ta dosa

Gwamnati ta daɗe tana mayar da harkar kuɗi kan na'ura. An fara tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007, na kula da kasafi da kashe kuɗi na GIFMIS ya biyo baya a 2012, sannan aka tilasta amfani da Asusun Bai-ɗaya na TSA a 2015. Takardu ne suka rage a baya. Annobar korona ta fito da wannan giɓi fili, domin lokacin da aka umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida a watan Maris na 2020, fayilolin da za su yi aiki a kansu suna kulle a ofisoshin rajista.

Shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, wanda aka tsara a zamanin Shugabar Ma'aikatan Tarayya Dakta Folasade Yemi-Esan, ya sa mayar da takardu kan na'ura a cikin ginshiƙansa. Wadda ta gaje ta a watan Agustan 2024, Misis Didi Esther Walson-Jack, ta tsayar da 31 ga Disamba, 2025, a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar aiki da fayil na takarda. A ƙarƙashin wannan yunƙuri aka fito da adireshin imel na hukuma mai suna GovMail, da rumbun 1Gov na kamfanin gwamnati Galaxy Backbone, da kuma Service-Wise GPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka gina domin taimaka wa ma'aikata da dokokin aiki da tsara takardu.

Yadda aikin yake a zahiri

Mayar da maimaitaccen rubutu ga na'ura hawa uku ne, kuma kowanne yana da irin haɗarinsa.

Hawa na farko shi ne samfuri. Ofis ya zauna ya amince da zubin wasiƙa guda, mai ɗauke da kan takarda da gurbin lambar fayil da gaisuwa da rufewa, a bar gurabe ga abin da ke sauyawa. Ana ajiye shi wuri ɗaya da kowa zai ɗauka, ta yadda ba za a sami wasiƙu iri biyar suna fita daga sashe guda ba.

Hawa na biyu shi ne haɗa samfurin da jadawali. A misali, idan sashen kula da ma'aikata zai gayyaci mutum 300 jarrabawar ƙarin girma, sai a jera sunayensu da lambobinsu da matakansu da cibiyoyinsu a jadawalin Excel, a haɗa shi da samfurin Word. Manhajar za ta ɗauki layi ɗaya bayan ɗaya ta cike gurabe, ta fitar da wasiƙu 300 cikin 'yan mintoci. Wannan dabara ta daɗe a cikin Word, ma'aikata da yawa ne ba a koya musu ita ba. Manhajoji irin su Power Automate na Microsoft da Apps Script na Google sun ƙara mata ƙafa: ma'aikaci ya cike fom na neman hutu, takardar ta tsaru da kanta, ta tafi wurin shugaban sashe, idan ya amince ta shiga fayil, mai nema kuma ya sami sanarwa a imel.

Hawa na uku shi ne na ƙirƙirarriyar basira, wadda ta bazu bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ta kuma shiga cikin manhajojin ofis da sunaye irin su Copilot da Gemini. A nan manhajar ce ke tsara kalmomin da kanta. Tana iya taƙaita rahoto mai shafi arba'in, ta mayar da tattaunawar taro bayani a rubuce, ko ta zana daftarin jawabi. Bambancin yana da muhimmanci. A hawa biyun farko, abin da aka zuba shi ke fitowa. A na uku, manhajar na hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, don haka tana iya kawo sashen doka ko adadin da babu shi, cikin lafazi mai gamsarwa.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren mai tafireta a takarda ɗaya yake tsayawa, na jadawali kuwa yana bin kowace wasiƙa. Idan layi ɗaya ya goce a wurin jera sunaye, mutum 300 za su karɓi takardu masu ɗauke da lambobin wasu. Ostareliya ta ga mummunan misalin wannan a shirin da aka yi wa laƙabi da Robodebt, inda na'ura ta riƙa lissafa bashi a kan masu karɓar tallafin gwamnati ta hanyar da daga baya aka tabbatar ta saɓa doka, tana aika musu wasiƙun neman biya. A watan Mayun 2020 gwamnatin ƙasar ta sanar da cewa za ta mayar da dalar Ostareliya miliyan 721 kan basussuka kimanin 470,000.

Ƙirƙirarriyar basira kuma tana da nata tarihin. A watan Yunin 2023, wani alƙalin kotun tarayya a birnin New York na Amurka ya ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000, bayan sun gabatar da hukunce-hukunce shida na bogi da ChatGPT ya ƙago musu. Hadimin da ya bar manhaja ta saka adadin da bai tantance ba a jawabin maigidansa yana kan irin wannan turba, kuma sunan maigidan ne zai fito a jarida.

Sai batun sirri. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki, bayan wasunsu sun zuba bayanan cikin gida a ChatGPT. Ma'aikacin gwamnatin Najeriya yana ƙarƙashin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da Dokokin Aikin Gwamnati, waɗanda suka ɗauki fitar da bayanan hukuma ba da izini ba a matsayin babban laifi. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta shafi sunaye da lambobin waya da bayanan albashi da na lafiya. Wanda ya kwafi takardar majalisar zartarwa ko jerin sunayen ma'aikata ya manna a manhajar kyauta da ke wayarsa, ya fitar da su daga hannun gwamnati ke nan, ko da niyyarsa gyaran Turanci ce kawai.

Saboda haka ofisoshin da suka san abin da suke yi kan bi wasu ƙa'idoji masu sauƙi. Samfuri yana da mai shi guda da ke sabunta shi, da kwanan watan gyara na ƙarshe. Kafin a saki wasiƙu da yawa, ana fitar da biyar ko goma a gwada su da fayil na asali. Duk adadi ko sashen doka da manhaja ta kawo, ana komawa tushensa a duba. Takardar da aka yi wa alamar sirri ba ta barin manhajojin hukuma. Kuma wasiƙar da ke taɓa haƙƙin mutum, kamar ta horo ko dakatarwa ko fansho, ba ta fita sai jami'i ya karanta ta da idonsa, domin wanda ya sa hannu shi zai amsa tambaya.

Abin da ya rage wa mazaunin Suleja

Ga ma'aikacin da ke kwana a Suleja, fa'idar a bayyane take. Aikin da ke hana shi tashi sai bayan Magariba yana iya ƙarewa kafin La'asar, kuma fayil da ke kan na'ura ba ya jiran masinja. Sai dai wannan fa'ida na da sharaɗi: kwamfutar aiki, wutar lantarki da kuɗin data. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a Naira 70,000 tun watan Yulin 2024, ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ɗaukar waɗannan a aljihunsa ba bayan kuɗin mota da haya.

Akwai kuma waɗanda sauyin zai fi taɓawa. Sakatarori da akawuna da ma'aikatan rajista su ne suka fi sanin zubin wasiƙar gwamnati da hanyar da fayil ke bi, kuma ayyukansu ne manhaja ke fara ɗauka. Haka ma masu shagunan buga takardu da fotokwafi a cikin garin, waɗanda wani kaso na cinikinsu daga ma'aikata yake zuwa. Idan an horar da ma'aikatan rajista, su ne suka fi cancanta su tsara samfura, su tsabtace jadawali, su kuma zama masu binciken ƙarshe kafin takarda ta fita. Idan kuwa horon ya tsaya ga daraktoci da mataimakansu a otal-otal na Abuja, za a sami manhajoji a ofis ba tare da masu sanin abin da ya kamata a zuba musu ba.

Ma'aikacin da ke son ya riga sauyin isa ba ya bukatar jiran sanarwa. Zai iya farawa da lissafa takardu uku da ya fi maimaitawa a wata, ya mayar da su samfuri, ya nemi amincewar shugaban sashensa, sannan ya koyi haɗa su da jadawali a kwamfutar ofis.