Dodon koɗi da karen ruwa: wanne ne ke cikin haɗari?

Wanda ya bar Kasuwar Singa ta Kano da buhunan shinkafarta ya shiga Sabon Gari, yakan tarar da manyan dodon koɗi jibge a kwando, an kawo su daga kudu, wasu na leƙo ƙahonninsu. Karen ruwa kuwa yana can bakin koguna, yana farautar kifi da ƙaguwa.

A rabe-raben masana, dodon koɗi ba shi da ƙashin baya, yana cikin rukunin masu laushin jiki da ake kira Moluska. Karen ruwa mai shayarwa ne, kuma shi da dage 'yan gida ɗaya ne.

Wajen haihuwa ne tazarar ta fito fili. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan manyan dodon koɗi yana da gaɓoɓin namiji da na mace, wasu nau'o'in kuma suna zuba ƙwai ɗaruruwa. Nau'in Gabashin Afirka ya yaɗu har ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin halittu 100 mafi ɓarna idan suka shiga wata ƙasa. Sai a 2021 jihar Fulorida ta Amurka ta sanar da kawar da shi, bayan faman shekara 10.

Macen karen ruwa kan haifi ɗaya zuwa uku. Nau'i biyun da aka fi sani a Najeriya, mai ɗigo-ɗigon wuya da marar farata, IUCN ta ce sun kusa shiga haɗari. Abin takaici, gurɓatar ruwa da kalli da sare ciyayin gaɓa ne ke cinye su.