Ma'anar Kalmar "Pentimento" a Nazarin Zane-zanen Turai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin kalma guda ɗaya wadda duk mai koyar da tarihin zane-zanen Turai zai ci karo da ita a littattafan Ingilishi, watau "pentimento", jam'inta "pentimenti". Ɗalibai kan haddace ta ba tare da sanin iyakarta ba, alhali kuwa da ita ne a wani lokaci ake yanke hukunci a kan ko zane na asali ne ko kwafe, da kuma ko za a kankare wani sashe nasa ko a bar shi.

2.0 Asali da Ma'ana

Ingilishi ya aro kalmar ne daga Italiyanci a ƙarni na 19, kuma tushenta shi ne "pentirsi", watau yin nadama. A fannin zane kuwa tana nufin alamar da ta rage ta wani abu da mai zane ya fara yi, sannan ya sake shawara ya rufe shi da sabon fenti tun bai gama aikin ba. Alal misali, a zanen da Velázquez ya yi wa Sarki Filib na Huɗu a kan doki wajen 1635, wanda ke gidan adana zane-zane na Prado a Madrid, mai lura zai ga inuwar wasu ƙafafu a gefen ƙafafun dokin. Nan ya fara sa su kafin ya gusa da su.

Ba da gangan ya bar su a fili ba. Fentin da aka kwaɓa da mai yakan rage duhu in ya tsufa, har haske ya riƙa ratsa shi, sai abin da ke ƙasa ya fara leƙowa bayan shekaru aru-aru. Wanda bai leƙo ba kuma ana gano shi da hoton eksire, irin wanda ake ɗaukar ƙashin majinyaci, domin farin fentin da masu zanen dā suka yi aiki da shi na dalma ne, dalma kuwa tana tare hasken na'urar.

A nan ne fassara ke da wuya. In muka ce "nadama" ko "tuba" mun bi asalin kalmar, amma mun jingina wa mai zane laifin da bai yi ba, domin sake shawara wani sashe ne na aikin kansa. A ganina "sawun gyara" ya fi dacewa, tun da abin da ake gani sawu ne, ba gyaran ba.

3.0 Amfaninta ga Manazarta

Mai kwafe yana da gamammen zane a gabansa, saboda haka ba safai yake sake babbar shawara ba. Wanda ya ƙirƙiro shi ne mai lalube. Wannan ne ya sa masana ke ɗaukar sawun gyara a matsayin shaidar asali. Zanen Fafaroma Julius na Biyu da Raphael ya yi tsakanin 1511 da 1512 ya daɗe a gidan zane-zane na ƙasa da ke Landan ana ɗaukarsa kwafe, ana zaton na asalin yana Fulorans. A 1970 binciken da aka yi ya nuna cewa a ƙarƙashin koren labulen da ke bayan Fafaroman akwai siffofin mabuɗai, tambarin sarautarsa, waɗanda aka zana aka kuma rufe. Da wannan da wasu hujjoji ne aka karɓi na Landan a matsayin na asali. Sai dai shaidar ba yankakkiya ba ce, domin masu jabu ma sun san da ita, suna iya ƙaga gyaran ƙarya.

4.0 Abin da Ba Shi Ba Ne

Ba duk abin da aka samu a ƙarƙashin fenti ne sawun gyara ba. A zanen tsohon makaɗin jita da Picasso ya yi tsakanin 1903 da 1904, wanda ke Chicago, ana hango fuskar wata mace kusa da wuyan tsohon. Mutane da yawa kan kira ta pentimento, amma wani zane ne dabam aka hau kansa, kamar dai inuwar tsohon rubutu a allon da aka wanke aka sake rubutawa.

Misalin da ya fi nuna hatsarin rikita kalmar shi ne zanen Vermeer na wata budurwa mai karanta wasiƙa a bakin taga, wanda ya yi wajen 1657 zuwa 1659, yana kuma birnin Dresden na Jamus. A 1979 hoton eksire ya nuna cewa a bangon da ke bayanta akwai babban hoton Cupid, yaron nan da Rumawa suka ɗauka ubangijin soyayya, an shafe shi da fenti. Kusan shekara 40 masana suka yi suna ɗaukar cewa Vermeer ne ya shafe da hannunsa, har aka yi ta sharhi a kan yadda ya zaɓi ya ɓoye sirrin wasiƙar. Da aka fara gyaran zanen a 2017 sai aka tarar da ƙura da tsohon man sheƙi tsakanin hoton yaron da fentin da ya rufe shi. Ke nan zanen ya bushe, ya kuma daɗe a sarari, kafin wani hannu dabam ya shafe shi.

Da a ce gyaran Vermeer ne, da babu mai ikon taɓa shi, domin shi ne hukuncinsa na ƙarshe a kan aikinsa. Da yake na wani ne, sai aka kankare fentin kaɗan-kaɗan da 'yar wuƙar fiɗa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka kuma nuna wa jama'a zanen a 2021 da Cupid a fili. Har yanzu akwai masu kallo da ke cewa farin bangon da suka saba da shi ya fi musu kyau.